Ruwan Cikin Rumbu

A bazarar da ta biyo bayan daminar 1984, wadda gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, mutum ɗaya ne a duk garin Tasawa yake da teku a ɗakinsa, shi ne Salifu ɗan Na Allah.

Kada a ji teku a zaci wani babban abu ne. Akwatin gilashi ne da bai fi akwatin tufafi ba, yana cin ruwa lita sittin. A ƙasansa farin yashi, a kan yashin duwatsu masu ramuka, a kan duwatsun kuma murjani. Ba irin wanda mata ke sawa a wuya ba, wannan mai rai ne, da hantsi ya buɗe, in an ƙwanƙwasa gilashin ya tsuke. Akwai kuma wata halitta mai yatsu da yawa, kamar furen kabewa da aka yayyaga, tana kaɗawa a hankali. A cikin yatsunta wasu kifaye biyu ke kwana, kowanne bai kai babban yatsa ba, launin lemu, da farar ɗamara uku-uku. Wani ɗan inji da ke jone da batirin mota yana hura musu iska, ɓul-ɓul-ɓul, har mutanen gidan sun daina jin ƙararsa.

Shekara goma sha ɗaya Salifu ya yi a Lome yana yi wa wani Bature mai cire haƙori girki. Baturen yana da irin waɗannan akwatuna har biyar. Da farko goge gilashi kawai ake barin Salifu ya yi, kafin a ankara ya fi maigidan sanin yadda ake kwaɓa gishirin teku da kuma lokacin da murjani ke fushi. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya ce masa ya zaɓa, ko firiji ko ƙaramin akwatin. Kowane mai hankali ya san abin da zai ɗauka. Salifu ya ɗauki kifi. Kwana uku ya yi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, rungume da tano, wato duron ruwa, kifi shida ya taso da su, biyu suka iso da rai. Dama an ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Matarsa Rakiya takan ce mazan mutane suna saya wa matansu murjani su rataya, nata mijin ya jiƙa nasa a ruwa yana gadi. Amma baki ne kawai. Sau nawa Salifu ya dawo daga kampama, gidan saukar baƙin gwamnati inda yake girki yanzu, ya tarar da ita zaune gaban gilashin, ɓarar gyaɗa a cinya, hannu ya tsaya.

Kiwon teku a Tasawa ba wasa ba ne. Batiri biyu gare shi, kullum ɗaya na kampama yana shan wuta. Zafi kuwa da dabarar gida yake yaƙarsa: yadda ake naɗa wa tulu jiƙaƙƙen tsumma ruwa ya yi sanyi, haka ya naɗe akwatin da buhunan algarara ta gefe uku, yana yayyafa musu ruwan wanke-wanke. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, zafi yana shan ruwan akwatin amma ba ya shan gishirin. In ruwa ya ragu sai gishiri ya yi wa halittun yawa. Don haka ba ruwan gishiri ake ƙara musu ba, ruwan daɗi ake ƙarawa, irin wanda mutum ke sha. Salifu ya ja layi da jan fenti a jikin gilashin, kullum sai ya mai da ruwa kan layin, ranar Juma'a kuma ya kwashe kashi ɗaya cikin huɗu ya kwaɓa sabo.

To, ruwan daɗi a wannan shekara. Sojoji ke mulki, kumandan na gari ya sa doka: pampo sau ɗaya ake buɗewa, da safe, kowane gida bokiti biyu. Ba buga tubali, ba wanke mota, ba ban ruwan shuka. Soja guda na zaune kan kujerar ƙarfe a bakin pampon, ya san fuskar matar kowane gida. Ruwan pampon ma ba ya yi wa murjani, yana da ɗanɗanon ƙarfe da magani. Sai na wata tsohuwar rijiya can wajen Kona, mai zurfin gaske, mai daɗi kamar ruwan sama. Wani dattijo mai amalanke, Talle, shi ke kawo masa bido biyu, wato jarkoki masu lita ashirin-ashirin, duk ranar Lahadi in zai shigo kasuwa, a ƙarƙashin tarin tabarmi. Salifu kuma ya hau tsani ya zura su cikin rumbun tsakar gida, wanda rabonsa da ganin damin gero shekara biyu ke nan.

Ya san abin kunya ne, ba sai an faɗa masa ba. Wanda bai ji kunya ba ai ba ya rufe abinsa da tabarma. Ubansa Na Allah, a ƙauyensu Gidan Amumune, da randa aka san shi. A zaurensa take, moɗa a bisa, manomi da makiyayi da Buzu duk wanda ya biyo ya sha, ba ya ko sallama. Salifu da ya gina nasa gidan shi ma ya kafa randa a zaure, don a san ɗan wane ne. Wata huɗu ke nan randar a bushe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Kullum in zai fita sai ya kau da kai kada ya gan ta.

Ranar wata Talata, rana ta take tsaka, aka yi sallama a ƙofar gida. Salifu ya san muryar tun kafin ya fito.

Hammadu ne, Bafulatanin Issawane, ɗan'uwansa na nono. Uwar Salifu ta rasu yana da kwana arba'in a duniya. A lokacin rugar su Hammadu na zaune a gonar Na Allah, shanu na zuba taki, sai uwar Hammadu, wadda kowa ke ce wa Inna, ta zo ta ɗauki jaririn ba tare da an roƙe ta ba, ta haɗa shi da nata. Shekara biyu suna shan nono ɗaya. Tun daga nan Hammadu bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Kaɗon Inna, wato Bahaushen Inna.

Salifu ya fito ya tsaya yana kallonsu. Rabonsa da Hammadu shekara biyu, lokacin yana kore da shanu arba'in da ɗoriya. Yau uku ne a bayansa, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Inna na bisa jaki, ta ƙanƙance kamar yarinya, idanunta sun yi fari-fari. A gefen jakin wata salka ce rataye, ta kusa lafewa.

"Kaɗon Inna," in ji Hammadu, yana murmushi da leɓe a tsattsage, "ashe kana nan ka yi tumbi, mu muna can muna ta kashe shanu."

"Marhabin, marhabin. Inna, sannunku da hanya. Ina kunka nuhwa cikin ranan ga?"

"Kudu. An ce wajen iyaka da sauran ciyawa. Mun biyo ne Inna ta ji muryarka, la'asar ta yi mu wuce."

Aka sauke Inna a zaure, aka shimfiɗa mata tabarma kusa da busasshiyar randar. Rakiya ta fito da ƙwarya cike da ruwan pampo, abin da ya rage ke nan a bokitin gida, ta durƙusa ta gaishe su. Inna ta sha sosai. Hammadu ya kurɓa sau biyu ya mai da wa uwarsa sauran. Sai da aka gama tambayar mutanen gida, da na arewa, da waɗanda suka rasu, sannan ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa. Bafulatani ne mai fulako, irin wanda zai kwana da yunwa a gidanka ya ce maka ya ƙoshi. Salifu bai taɓa jin ya roƙi ko allura ba.

"Jar saniyar can," ya ce a hankali, "ita ɗai ta rage da ɗan nono, shi Inna ka sha. Tun shekaranjiya ba ta sa baki ga ruwa ba. In da ko rabin bokiti cikin gida..."

Bai ƙarasa ba. Salifu kuwa zuciyarsa ta riga ta hau tsani ta leƙa rumbu. Bido biyu, kusan cike. Yau Talata. Talle sai Lahadi. In ya ba saniya ɗaya, da wane ido zai hana biyun? In shanu uku suka sa baki, kafin a ce me bido biyu sun tafi, kuma ba su ƙoshi ba. Murjani kuwa kwana uku ba ƙari ya mutu. Lissafin ya fito daidai, ba inda ya karkace, abin da ya sa ya fi muni ke nan.

"Wayyo Hammadu," ya ce, "ka zo ranar da ba ta dace ba. Abin da kunka sha shi ne na ƙarshe. Ko ɗigo babu cikin gidan ga sai gobe in an buɗe pampo."

Saura kaɗan ya ce wallahi, Allah Ya taimake shi harshen ya ƙi. Rakiya na durƙushe tana karɓar ƙwaryar. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta tashi ta shige gida.

"Ba komi," in ji Hammadu. "Haka shekarar take ga kowa."

Can sai Hammadu ya karkata kunne.

"Mi ke tahwasa cikin ɗakinka?"

Ba yadda Salifu zai yi, ya kai shi. Hammadu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Mutumin da ya yi kwana tara yana tafiya cikin ƙasar da ko ɗanyen ganye babu, ga shi gaban ruwa garau, da abubuwa masu launi suna wasa a ciki. Salifu ya yi sauri ya ce na gishiri ne, ba ya shayuwa, ko dabba ta sha sai ya ƙara mata ƙishi. Hammadu ya tsoma ɗan yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska, ya yi dariya. Sai ya tsuguna ya kafa wa kifayen ido irin kallon da yake wa shanu a kasuwa.

"Babbar ita ce macen," ya ce. "Ƙaramin tsoronta shi kai."

"Ƙaƙa ka sani?"

"Kiwo kiwo ne, Kaɗo."

Nan fa Salifu ya manta da kansa. Shekara biyu yana neman wanda zai kalli akwatin nan da idon sani, yau ya samu. Ya shiga bayani, abin da suke ci, yadda suke kwana, yadda murjani ke sanin gari ya waye. Hammadu ya nuna jan layin, ya ce wannan fa? Ruwan ya sauka ƙasa da shi da yatsa biyu, don Salifu bai riga ya yi ƙarin ranar ba. Ya bayyana masa cewa su ma ƙishi suke ji, in ruwa ya bar layin nan gishiri zai ci su, kuma ruwan daɗi suke so. Sai ya tuna ƙaryarsa, ya yi maza ya liƙa mata jela.

"Ga shi kuwa babu. Sai yadda Allah Ya yi da su."

Hammadu ya gyaɗa kai a hankali. Ya san wannan maganar, ya faɗe ta sau arba'in a bana.

Salifu ya ji ɗakin ya yi masa ƙunci. Ya ɗauki bokiti ya ce bari ya je pampo ya gwada roƙon sojan, ko a dace. So yake ya sayi kunyarsa da ruwan gwamnati. Ya tarar mata sun riga sun jera tuluna da bokitai na layin gobe, wasu na zaune a inuwar katanga suna gadi. Sojan ya saurare shi har ƙarshe, ba tare da ya ɗaga murya ba ya ce matar Salifu ta ɗiba da safe, kuma kowa a garin nan yana da baƙo daga arewa. Salifu ya biya gida biyu na abokai, kowa ya nuna masa gindin randarsa. Ya yi azahar a masallacin tasha, da taimama, ya dawo da bokiti yana karo da ƙafarsa.

Inna na barci a zaure. Daga bayan gida ana jin Rakiya na dakan jar dawar taimako, za ta yi wa baƙi ɗan abin taɓawa. Hammadu yana zaune a ƙofar ɗakin akwatin, salkar nan a gefensa, ta lafe kamar tsohon takalmi. Fuskarsa a sake, irin ta wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani.

"Na shayar ma da garkenka," ya ce. "Ya kai layi cif. Mu gaba za mu, ba mu rasa rijiya. Su ko ba su da ƙahwar tahiya."

Salifu ya saki bokitin ya faɗa ɗaki.

Ruwan ya kai jan layi, ba ƙari ba ragi. Amma ya yi duhu, launin shayi da madara. Ruwan salka ne, ya kwana biyu cikin fatar da aka jeme da bagaruwa, kuma kamar yadda matafiya ke yi an ɗiga masa ɗan tsamin nono don ya riƙe ciki. Ga mutum magani ne. Murjanin kuwa duk ya tsuke ya zama kamar tsakuwa, mai yatsun nan ta dunƙule tana fitar da yauƙi, kifayen biyu sun taso sama suna buɗe baki da sauri, ƙaramin har ya fara kwantawa gefe.

Salifu ya san abin yi, kuma ya san ba shi da rabin sa'a. A kwashe rabin ruwan, a kwaɓa sabo a zuba. Gishirin na nan a buhu a bayan ƙofa. Ruwan yana cikin rumbu.

Hammadu ya shigo ya tsaya a bayansa. Murmushin ya tafi.

"Na yi ɓarna ko?"

"Ba ka sani ba ne."

"Mi za ya tashe su?"

"Ruwa. Mai yawa, mai tsabta. Yanzu."

"Subhanallahi. Ga shi kuwa babu," in ji Hammadu, ya dafa kai. "Ka yahe min, Kaɗon Inna. Na zo gidanka na kashe ma dukiya."

Shi ke neman gafara. Salifu ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Hanya biyu ce a gabansa. Ya yi shiru, kifaye su mutu, Hammadu ya tafi da nauyin laifi a wuyansa har abada, shi kuma ya zauna da sunansa na mutumin kirki da ba shi da ko ɗigo. Ko kuwa ya hau tsani. Da a ce tausayin Hammadu ne ya motsa shi da an ce da sauran alheri. Gaskiyar ita ce ƙaramin kifin ne ya juya cikinsa sama, sai ƙafafun Salifu suka fita da kansu.

Ya jingina tsani a jikin rumbu, ya hau, ya ture hular ciyawar, ya zura rabin jikinsa ya jawo bido. Lita ashirin ba a sauka da ita daga tsani da hannu ɗaya, sai da mai karɓa. Ya waiwaya. Dakan ya tsaya, Rakiya na tsaye da taɓarya a hannu, ba ta da niyyar matsowa. Hammadu ne ya tako ya ɗaga hannuwa biyu.

Bidon ya sauka a ƙirjinsa, ruwan ya yi ƙara a ciki, ƙul-ƙul. Sanyinsa ya ratsa rigar. Hammadu ya tsaya rungume da shi kamar ɗan maraƙi, bai ɗaga kai ba. Ya ajiye, ya sake ɗaga hannu ya karɓi na biyun.

Da Hammadu ya zage shi, ko ya tofar da yawu ya fita, da Salifu ya samu sauƙi. Sai Hammadu ya naɗe hannun riga ya ce a nuna masa abin da zai yi. Shi ya riƙe tiyo ana zuƙe gurɓataccen ruwan. Shi ya juya gishiri a babbar roba da hannunsa har ya narke, Salifu na tsoma ɗan ma'aunin gilashi yana dubawa. Da za a zuba sabon, Hammadu ya tara tafinsa ruwan na sauka a kai don kada ya tashi yashi, ba wanda ya koya masa. Ruwan rijiyar Kona na bin yatsunsa, leɓensa a tsage har da busasshen jini, bai kai ko jiƙaƙƙen yatsa baki ba.

Kafin la'asar ruwan ya fara washewa. Ƙaramin kifin ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya koma gindin matarsa. Mai yatsu ta saki yatsa ɗaya, sannan biyu.

"Sun tashi," in ji Hammadu. "Alhamdu lillahi."

Ya ɗauki salkarsa ya fita. Ya tashi Inna, ya aza ta bisa jaki. Rakiya ta fito da ƙullin gari ta cusa cikin kayansu tana share ido da gefen zane. Salifu ya biyo su da abin da ya rage, rabin bido, ya ajiye gaban Hammadu.

"A'a," in ji Hammadu. "Na garke ne. Kai ma kana da kwanaki gabanka."

Ya kaɗa shanunsa suka bi hanyar kudu.

Salifu ya tsaya a zaure, bido a gabansa, randar ubansa a gefensa. Rakiya ta zo wucewa, ta tsaya, ba ta dube shi ba.

"Malam, in mai da shi rumbu, ko kai za ka hau?"

Ya sunkuya ya saɓa bidon a kafaɗa ya fita, ba tabarma ba buhu. Hanyar kudu ta bakin pampo ta bi. Matan da ke gadin layi suka bi shi da kallo, ruwa na ƙara a kafaɗarsa kowane taku, kuma duk cikinsu ba wadda ba ta ga lokacin da ya zo da bokiti yana roƙo ba. Sojan ma ya gyara zama ya dube shi. Wata tsohuwa ta ce, yadda kowa zai ji, "Ashe ɗan Na Allah rijiya gare shi cikin ɗaki." Bai tsaya ba. Ya san kafin magariba labarin ya gama gari, wataƙila har kunnen kumandan, ya kuma san wannan ce ƙaramar kunyar.

A bayan gari ya cim musu, gindin wata busasshiyar gawo, don jar saniyar ta durƙusa ta ƙi tashi. Hammadu na tsugune yana mata magana da Fulatanci a kunne. Da ya ga Salifu, jiƙe da gumi yana haki, ya dubi bidon, ya dubi saniyar, ya daɗe. Sannan ya kwance babbar ƙwarya daga kayan jaki ya ajiye a ƙasa.

"Ita dabba ce, ba ta san kunya ba. Zuba mata."

Saniyar ta sha har tana shaƙewa. Aka ɗan raba wa biyun. Can ta yunƙura, ta kafa ƙafafun baya, ta miƙe. Salifu ya tsiyaye na ƙarshen cikin ɗan kwanon sha, ya cika shi daf da baki, ya miƙa wa Hammadu da hannu biyu.

"Don Allah, Hammadu."

"Na gode, Malam Salihu. Ba ni jin ƙishi."

Shekara arba'in da uku, yau ne ya fara jin sunansa a bakin nan, har da Malam. Ya tsaya da kwano a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kawo nan," in ji Inna daga bisa jaki.

Ya matsa ya sa mata kwanon a hannu. Bai san abin da ta ji ba da abin da ba ta ji ba tana kwance a zaure, kuma fararen idanun nan ba sa nuna komai. Ta laluba ta samu kansa, ta shafa gumin da ke goshinsa da tafinta mai kaushi. Maimakon ta sha, sai ta kai kwanon bakinsa.

"Ka yi gudu cikin rana. Sha."

"Inna, naku ne. Ke za ki sha."

"Sha, na ce. Dā ma haka nika yi. In kun tashi da kuka ku biyu, kai nika hwara ba, Hammadu shi jira. Shi ɗan gida ne, kai ko baƙo."

Ba faɗa a muryarta, tsohon zance ne kawai take tunawa, har da ɗan murmushi. Hammadu ya juya baya yana gyara igiyar jaki. Inna ba ta janye hannunta ba, kuma ba a mai da hannun uwa. Salifu ya buɗe baki ya kurɓa. Ruwan rijiyar Kona ne, mai sanyi, mai daɗi, wanda shekara biyu yana saye bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ya tsaya masa a maƙogwaro ya ƙi wucewa, Inna kuwa tana ta karkato kwanon tana cewa ya ƙara.